Shekarar da Muka Gyara Gari Don Baƙin Abuja

Yaran da ke buga wa mutane takardu a shagunan kwamfuta na Kwanar Dangora, in na zo wucewa sukan ce, "Baba Akawu, ku kam kun ci banza a zamaninku. A zauna a inuwa ana ƙwas-ƙwas da tafireta, wai shi ke nan sana'a?" Dariya nake yi in wuce. Yau dai na ga gara in zauna in rubuta musu, domin su ma yanzu mutanen ƙauye na kawo musu koke a kan ambaliya, kuma ina ganin irin takardun da suke fitarwa. Bugun ya yi kyau, babu laifi. Amma rubuta koke ba bugu ba ne kawai, kuma ni mai faɗin haka, da bakina na kashe koke mafi kyau da na taɓa rubutawa.

Sunana Isiyaku. Firamare kaɗai na gama, daga nan babana ya kai ni wurin Malam Ɗanladi Mai-tafireta, wanda ke zama gindin maɗaci kusa da kotu a Kiru yana rubuta wa mutane takardu. Shekarata ta farko ko taɓa tafireta ban yi ba. Aikina kama yatsun mutane ina dangwala musu tawada. Kada ku raina wannan. Babban yatsan manomi fartanya ta cinye zanensa, in ka danna da ƙarfi sai ya fito baƙi ƙirin kamar kashin akuya, a mayar da takardar a ce mutum ɗaya ne ya dangwala sau arba'in. Sai ka sa ya wanke hannu, ka shafa tawadar kaɗan, ka mirgina yatsan a hankali. Bayan nan na koyi jera takarda uku da baƙar takardar kabon biyu a tsakani, da ɗiga wa ƙyallen tawada kananzir in ya bushe, da Turancin ofis wanda Malam ya haddace kamar karatun allo.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Fulani kan burtalin da aka nome, mutanen Riruwai kan tsofaffin ramukan kuza da ke cika da ruwa, 'yan Bebeji kan gadar da ta rufta. Koken ruwa shi ne mafi wuya, domin kuɗin aikinsa ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, sai an kai ga tarayya. Malam yakan ce mini, "Isiyaku, kada ka kuskura ka rubuta ruwa ya cinye gari duka. In masu dubawa suka zo suka tarar da kaza ɗaya a tsaye, ka zama maƙaryaci. Ƙirga katangun da suka faɗi, auna ramin da igiya, sa hoto." Sannan takarda ba ta da ƙafa. Mai unguwa zai sa hannu, dagaci ya buga hatimi, hakimi ya rubuta nasa a kai, a kai sakatariya, a wuce Kano, a ba ɗan majalisar tarayya kwafi ɗaya ya tafi da shi Abuja. A kowace ƙofa sai ka bi ta da ƙafarka ka gaishe ta, in ba haka ba ta kwanta ƙarƙashin wani fayil ta yi barcin shekara.

Da Malam ya rasu na gaji tafireta da inuwar, aka koma kirana Akawu. Na rubuta wa garuruwa da yawa, wasu sun samu, wasu har yau shiru. Amma aikin da nake so ku ji na ƙauyenmu ne, can bayan Dangora. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai dattawan da har gobe ba sa son a tayar da maganar.

Akwai kwazazzabo a gabas da garin. Muna yara tsallake shi muke yi da gudu. Da aka sare itatuwan tudu aka nome wurin, sai ya buɗe baki, kowace damina ya matso. Gidan ƙarshe kafin ramin na Gwaggo Tabawa ne, yayar babana, mai sayar da daddawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, ita kaɗai ce da awakinta. A wata damina mai ƙarfi ruwa ya kayar da katangu da dama a unguwar, ya tafi da madafin Gwaggo da rabin katangarta, ya tsaya taku kaɗan daga bangon ɗakinta. Kowa ya san in ba a ɗaure bakin ramin da siminti an yi wa ruwan hanya ba, ɗakin ne na gaba.

Na zauna na rubuta koken nan iya bakin ƙoƙarina. Na auna ramin da igiyar guga, na ɗauko mai hoto daga Tudun Wada, na dangwala yatsun magidanta ɗaya bayan ɗaya. Damina biyu ina bin takardar. Har Abuja na je sau ɗaya, na wuni a kan benci a wani dogon baranda, ina kallon wani mutum yana ba furanni ruwa da tiyo. Iyakar abin da na gani na Abuja ke nan, amma da na dawo, in ka ji ni a majalisa sai ka rantse da minista muka ci tuwo.

Ana cikin kaka sai ga amsa. Wai za a turo ma'aikata daga Abuja nan da mako biyu su ga ɓarnar da idonsu. Dagaci ya tara mu a ƙofar gidansa, na karanta, na fassara, aka yi kabbara.

"To, Akawu," in ji Dagaci, "kai ka san mutanen nan. Yaya ake tarbarsu?"

Na gyara zaman hula. "Ranka ya daɗe, mutanen nan ko takalminsu ba ya taɓa ƙasa. Furanninsu ma wanka ake yi musu. In suka zo suka tarar da gari kamar an yi yaƙi, za su ce mu ƙazamai ne. Wa zai ba ƙazami aikin gwamnatin tarayya?"

Liman ya ce gaskiya ne, baƙo yana da haƙƙi. Sarkin Noma ya ce ai abin ba wuya, a kira gayya. Babu wanda ya ga aibin maganar. Mu mutane ne da ko surukin ɗa zai zo sai an share tsakar gida an yafa ruwa an ɓoye tsummokara, balle baƙin da suka taso daga Abuja.

Sai muka ji murya daga bayan taro. Gwaggo ce, da sandarta. Tsufa ya ba ta lasisin shiga inda mata ba sa shiga.

"Kai Isiyaku! In ka je asibiti da gyambo, sabon wando kake sawa ka rufe shi?"

Aka kwashe da dariya. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan maganar maza ce."

"Ɗakina ruwa ke ci, ba na maza ba. Duk wanda ya taɓa mini katanga, ni da shi."

Allah ya sa a makon nan jikarta ta haihu a Tudun Wada. Ni da kaina na sa ta a mota, na ce ta zauna har bayan suna ta huta, awaki kuma matata Hajara za ta duba. Har addu'a ta yi mini.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Aka bar dawa a gona ba a yanke ba. Makaɗa na kiɗa, samari na haƙa, masu amalanke na jido. Muka cike ramukan hanya tun daga bakin titi. Duk katangar da ta faɗi aka tayar da ita, aka yaɓe, aka shafa farar ƙasa. Bakin kwazazzabon da ke bayan ɗakin Gwaggo muka cusa masa duwatsu da buhunan yashi, muka zuba jar ƙasa muka daddaɓe, har wani ya dasa rogo a kai. Sauran ramin ya fi ƙarfinmu, sai na ba da shawara a kafa zana doguwa a tare shi, a jingina karan dawa. Katangar Gwaggo kuwa ita aka fi ƙawatawa, har da zane a bakin ƙofa. Ranar ƙarshe na tsaya na dubi garin, na ce wa Sarkin Noma, "Yanzu ko shugaban ƙasa ne ya zo ba ma jin kunya."

Baƙin suka iso da hantsi a mota biyu. Shugabarsu wata injiniya ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa, sauran ma haka, ban da direba. Abin da na fara gani shi ne ƙafarta. Takalmin roba ne har gwiwa, irin na shiga taɓo. Ta sauko da shi a kan ƙasar da aka share aka yafa wa ruwa, ta dubi hagu, ta dubi dama. 

Aka zaunar da su a rumfa, aka kawo fura da soyayyen naman rago. Ni ne tafinta. Matar ta buɗe fayil ta ciro hotunan da na tura, ta dubi hoto, ta dubi fararen katangu, ta sake duban hoto. Ta tambaye ni ko direba bai ɓata hanya ba. Na ce a'a, nan ne.

A wannan lokacin na gane abin da muka yi, sarai na gane. Da na buɗe baki na ce mata, "Mu muka rufe, zo ki gani," da magana ta ƙare. To amma ga Dagaci da rawani, ga gari duka sun zuba mini ido, mako biyu suna zufa a kan shawarata. Na kasa.

Ta ce in tambayi Dagaci me ruwa ya yi musu. Na tambaya. Dagaci ya gyara alkyabba ya amsa yadda duk mai mutunci ke amsa wa baƙo: "Alhamdulillahi, ruwa ya yi gyara. Muna godiya ga Allah, muna godiya ga gwamnati." Na fassara kalma da kalma. Ta rubuta.

Ana haka sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, Gwaggo ta diro. Ashe wani ɗan garinmu ya je suna ya kwance mata komai. Ta wuce rumfar ta je ta leƙa gidanta, sai muka ji ihu.

"Wane ɗan banza ne ya gyara mini katanga?"

Ta dawo ta kama hannun injiniyar. "'Yar nan, tashi. Kada ki biye wa waɗannan. Duk abin da kika gani jiya aka yi shi. Bayan zanar can rami ne, raƙumi zai shige da kayansa ba a ga tozonsa ba. Ƙasar da ke bayan ɗakina ta aro ce, ki sa sanda ki tona. Madafina yana ƙasan ramin da tukwanena biyu. Wannan mai hular da ke gefenki ɗan ƙanena ne, ni na yi masa wankan jego da uwarsa, tun yana yaro ba ya da wayo."

Injiniyar ta juyo tana murmushi ta ce me Mama take faɗa.

Na ce, "Tana yi muku barka da zuwa."

Ta ce duk wannan doguwar maganar?

Na ce, "Tana kuma yi wa gwamnati addu'a."

Gwaggo ba ta jin Turanci amma tana jin fuska. Ta ja matar suka nufi zanar, jama'a na biye. Saura taku goma su isa, na sha gabansu. Allah ya yafe mini, na ce wa baƙuwar nan wurin makewayin mata ne, ba a shiga. Matar ta ja da baya, har da ba da haƙuri. Ta rungumi Gwaggo, aka ɗauke su hoto, Gwaggo na zagina, ita tana dariya.

Kafin su tafi ta yi jawabi. Ta ce ta zaga wurare da yawa ba ta ga garin da ya tashi ya taimaki kansa kamar namu ba, za ta ba da labarinmu a matsayin abin koyi. Na fassara, aka yi tafi, maroƙi ya yi kirari. Direban na sakace haƙori a jikin mota, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, na daɗe ina yawo da tafintoci, amma ban taɓa ganin mai Turanci irin naka ba."

Daga garinmu za su wuce Doguwa, sai suka bi ta tsallaken rafi don yanke. Mutanen tsallake maƙwabtanmu ne, kuma a lokacin rigimar sarauta ta raba su biyu, ko gaisawa ba sa yi balle gayya. Ba su taɓa rubuta koke ba, ko wasiƙa. A tsakiyar garinsu motar gaba ta nutse a taɓo har ƙofa. Aka rasa masu turawa, domin in ɓangare ɗaya ya kama, ɗayan sai ya saki. Sai bayan la'asar aka fitar da ita da shanun huɗa. A nan takalmin roba ya yi amfani. Matar ta zaga ko'ina, ta auna, ta ɗauki hoto. Kafin damina ta biyu an yi musu kwalbati da magudanar siminti. Har yau in na haɗu da ɗan tsallake a kasuwa sai ya rusuna ya ce, "Akawu, mun gode da takarda."

Mu kuwa ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe aikin gayya, da buhunan da rogon. Cikin tsakiyar damina, ranar kasuwar Dangora, Gwaggo na can tana sayar da daddawa, ɗakin ya tafi. Da yamma ina zaune a zaure sai ga amalanke: turmi, tukwane, buhun kalwa, awaki huɗu a ɗaure a baya, ita a gaba.

Na miƙe na ce, "Gwaggo, sannu. Allah ya mayar da alheri."

"Amin. Wanne ne ɗakinka?"

"Akwai na baƙi, Gwaggo, an share."

"Na gaji da sharar ku. Naka na ce."

Hajara ta shige madafi tana toshe baki. Ranar na kwashe tabarmata da tafireta na koma zaure, kuma a nan na zauna shekara da shekaru. Gwaggo ta kafa tukunyar daddawa a tsakar gidana. Duk takardar da ta fita daga hannuna a lokacin, wani ma'aikaci a sakatariya ya ce tun kafin ya buɗe fayil yake sanin tawa ce.

Koke na biyu ita ta yi shifta. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Rubuta. Ni Tabawa, ɗakina ya faɗa rami. Kun aiko a duba, aka rufe muku ido. Ɗan ƙanena Isiyaku ne ya yi, shi ne kuma yake buga wannan takarda."

"Gwaggo, ba a sa irin wannan a takardar gwamnati."

"Ƙarya ake sawa?"

Na buga. Ta sa aka kira malamin firamare ya karanta ya mayar mata da Hausa, don ta tabbata ban sa barka da zuwa ba. Dagaci ya daɗe yana kallon takardar kafin ya buga hatimi. Na bi ta ƙofa-ƙofa kamar ta farko, sai dai wannan karon duk ofishin da na shiga, sai an karanta a ɗago a dube ni a ce, "Kai ne Isiyakun?" In ce ni ne. Ina jin abin da ya hana ta kwanciya ƙarƙashin fayil ke nan, kowa so yake ya nuna wa na kusa da shi.

An daɗe kafin a sake turo wasu. Da labari ya zo, Dagaci ya sa mai shela ya zaga gari: duk wanda aka gani da tsintsiya ko fartanya a bakin hanya, shi da hukuma. Muka tarbi baƙin gwamnati da gari kaca-kaca, dattawa na sunkuyar da kai kamar an kama su da sata. Malamin firamare ya yi tafinta, ni aka ba ni riƙon igiyar awo. Da aka tambayi Dagaci me ruwa ya yi, ya buɗe baki zai ce alhamdulillahi, Gwaggo ta yi gyaran murya. Ya haɗiye, ya nuna ramin da sanda.

To ku yaran kwamfuta, abin da zan gaya muku ke nan. In mutane suka kawo muku koken ruwa, aikinku bai ƙare a bugu ba. Ku auna, ku ƙirga, ku bi takarda. In aka ce masu dubawa na zuwa, ku je garin da kanku ku zauna, domin mutanenmu ba za su iya barin baƙo ya ga tsiraicin gari ba sai an riƙe musu hannu. Kuma in tsohuwa ta yi magana, ku faɗi abin da ta faɗa.

Aikin ya zo daga baya. Aka ɗaure bakin kwazazzabon, aka gina magudana mai faɗi ta siminti ta ratsa gabashin gari, unguwar ta tsira. Lokacin Gwaggo ba ta iya doguwar tafiya, sai ta sa na ɗauke ta a babur. Muka tsaya a bakin magudanar. Ta daɗe tana duba wata tsamiya, tana duba masallaci, tana auna wuri da ido. Sannan ta nuna tsakiyar simintin da sanda.

"Nan gadona yake. Can randa."

Ta juyo ta dube ni.

"Shekara nawa ina roƙon marigayi maigidana ya yi mini daɓen siminti a ɗakin nan, bai yi ba. Ga shi gwamnatin tarayya ta yi, sumul. Ruwa ne zai riƙa kwana a kai."

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

"Na yafe tun tuni. Ɗakinka ne dai ba zan mayar ba. Tayar da babur mu tafi gida, na bar kalwa a wuta."